FILI DA GIDAN HAYA: DUKIYA CE, AMANA CE KUMA



Sau da yawa bayan Misa wani yakan tsayar da ni a ƙofar coci ya ce, "Fada, na karɓi kuɗin sallama daga aiki, ina so in sayi fili in gina ɗakunan haya. Ko wannan son duniya ne?" Amsar da nakan bayar ita ce zan bayar a nan. Ba son duniya ba ne. Amma wanda ya mallaki ƙasa ya karɓi amana, za a kuwa tambaye shi yadda ya same ta da yadda ya riƙe ta.

Mu duba Littafin Irmiya, sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kuma yana tsare. A wannan hali ne Ubangiji ya umarce shi ya sayi gonar Hanamel, ɗan baffansa, a Anatot. Ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takardar ciniki, ya buga hatimi, ya kira shaidu. Sa'an nan ya ba Baruk takardun ya ajiye a tukunyar ƙasa don su daɗe. Sayen gonar nan alama ce ta bege, cewa jama'a za su komo su sake mallakar gidaje da gonaki. Ku lura kuma, ko da yake cinikin tsakanin dangi ne, annabin bai yi shi da baki kawai ba.

Ikilisiya ma haka take koyarwa. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum, inda ya nuna cewa ma'aikacin da ya yi tattali ya sayi fili da abin da ya tara, filin nan ladan guminsa ne, ba mai ikon ƙwace masa. Saboda haka malamin makaranta da ya yi adashi ya sayi fuloti, ya sa bulo bana, ya buga kwano baɗi, bai yi laifi ba. Ɗakuna huɗu na haya suna iya biyan kuɗin makarantar yara, su rufa wa gwauruwa asiri bayan rasuwar mijinta.

Sai dai a bi hanyar Irmiya. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma wanda yake da takardar shaidar mallaka ba ya sayar da filin sai da amincewar gwamna. Kada ka biya dillali kafin ka bincika a ofishin filaye, safiyo ya auna, shaidu su sa hannu. Mutane da yawa sun yi hasarar gumin shekara 30 a kan fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku. Ka sani kuma ba dukan kuɗin haya ne riba ba. Ka ware na gyaran rufi da rijiya da makewayi. Kada ka ci bashi mai ruwa don ka gama gini a shekara ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga tambaya ta fari: yaya ka sami filin? A 1 Sarakuna, sura 21, sarki Ahab ya yi ƙyashin gonar inabin Nabot. Yezebel ta shirya shaidun zur, aka jajjefe Nabot, sarki ya shiga gonar. Can cikin gonar annabi Iliya ya same shi da hukuncin Allah. Ahab bai ƙare ba, 'yan'uwa. Yana nan cikin baffan da ya sayar da gonar marayu tun ba su yi wayo ba, da maƙwabcin da yake matsar da iyaka kowace damina. Bayan rikicin Kaduna na 2000, Kirista da Musulmi da yawa sun sayar da gidajensu da araha don tsoro, suka ƙaura. Wanda ya ga tsoro a idon maƙwabcinsa ya taya gidansa rabin kuɗi, takardunsa suna iya cika a gaban hukuma, amma a gaban Allah da sauran magana.

Tambaya ta biyu: yaya kake riƙe ɗan haya? Akwai mai gidan da yake zuwa Misa kowace Lahadi, ranar Litinin kuwa ya nemi kuɗin shekara biyu gaba ɗaya daga wanda albashinsa na wata-wata ne. Rufi yana yoyo bai gyara ba, ya ƙara kuɗi ba sanarwa, ya zubar da kayan mace mai goyo a waje cikin damina. Wani kuma sai ya tambayi ƙabilar mutum da addininsa kafin ya nuna masa ɗaki. Ishaya, a sura 5, ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har ba su bar wa kowa wurin zama ba. Karɓar hakkinka daidai ne, ɗan haya ma wajibi ne ya biya a kan kari, ya kula da ɗakin kamar nasa. Amma in ciwo ko rashin aiki ya same shi, ka ba shi lokaci. Ka tuna Ubangijinmu da kansa a wurin dabbobi aka haife shi, gama ba a sami ɗaki a masauki ba.

Littafin Firistoci, sura 25, ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, domin ƙasar ta Allah ce, su kuwa baƙi ne a kanta. Ashe mai gidaje goma shi ma ɗan haya ne, ranar tashinsa kuwa ba ya sani. Saboda haka a wannan mako ka ɗauko takardunka ka duba. In akwai taƙi ɗaya da ba naka ba, ka mayar. Ka rubuta wasiyya don kada 'ya'yanka su ƙare a kotu. Ka ziyarci ɗan hayarka ka ga rufin da yake kwana a ƙarƙashinsa.

Allah ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba marasa gida wurin sa kai, ya karɓe mu duka a gidansa na har abada, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.