Shin Akwai Mai Tafiya Shi Kaɗai?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore wa bayinSa hanyoyinta na tudu da na ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin samarin Turai da Amurka da Ostareliya, har ta yaɗu zuwa ƙasashen Asiya, watau saurayi ko budurwa ya zuba 'yan tufafinsa a jakar goyo, ya rataya a baya, ya fita yawon duniya shi kaɗai, da guziri kaɗan, ba don ciniki ko neman aiki ba, sai don ganin ƙasashe da mutanensu. Al'adar ta daɗe. A shekarar 1912 wani malamin makaranta, Richard Schirrmann, ya buɗe masaukin matasa mai rahusa a garin Altena na Jamus, irinsa kuwa yanzu ya cika duniya. A shekarun 1960 da 1970 dubban samari suka riƙa bin hanyar ƙasa daga Istambul, ta Tehran da Kabul, har Katmandu ta Nefal, sai a 1979 juyin juya halin Iran da shigar sojan Tarayyar Sobiyet Afganistan suka toshe ta. A yau sun fi karkata ga ƙasashe irin su Tailan da Biyetnam da Kudancin Amurka.

Masu wannan yawo suna alfahari da abu guda, shi ne 'yanci. Suna cewa wanda ya fita shi kaɗai ba ya jiran kowa, ba ya shawara da kowa. In gari ya yi masa daɗi ya ƙara kwana, in bai yi ba ya kama hanya da asuba. Lalle akwai gaskiya a ciki. Wanda ba shi da abokin hira dole ya yi magana da mutanen gari, ya koyi gaisuwarsu, ya ci abincinsu, ya gane cewa yadda aka saba a gidansu ba ita kaɗai ce hanyar zaman duniya ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, Alƙur'ani kuma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa don lura da wa'aztuwa.

Amma ɗacin abin ba ya ɓuya. Ran da zazzaɓi ya kwantar da mutum a ɗakin haya, a garin da ba ya jin harshensu, babu mai miƙo masa ruwa. Ran da aka yanke masa aljihu, fasfo da katin banki da wayar hannu suka tafi tare, sai ya ga taswirar da yake taƙama da ita ta ɓace a lokaci guda. Akwai kuma kewa, wadda ta fi tsanani a tsakiyar kasuwa cike da jama'a. A nan ne tambayar take: shin wannan da ake kira mai tafiya shi kaɗai, shi kaɗai ɗin ne kuwa?

Labarin Ibn Baɗuɗa ya isa amsa. Ya bar garinsu Tanja, a ƙasar Maroko, a shekarar 1325 yana da shekara 21, da niyyar aikin Hajji, ba abokin tafiya, ba ayari. A Ƙusanɗina ruwan sama ya jiƙa shi, hakimin garin ya sa aka wanke masa tufafi, ya ba shi mayafi da dinari 2 ƙulle a gefensa. Zazzaɓi ya kama shi a hanya har ya ɗaure kansa a kan sirdi da rawaninsa don kada ya faɗi. Da suka isa Tunis, mutanen gari suka fito taryen waɗanda ya haɗu da su a hanya, kowa na gaisawa da nasa, shi kuwa babu wanda ya ce masa sannu, sai ya fashe da kuka. Wani mahajjaci ne ya lura da shi, ya zo ya lallashe shi da hira har suka shiga gari.

Haka ya yi ta fama shekara da shekaru. Ya yi alƙalanci a Delhi a zamanin Sarki Muhammadu bin Tugluƙ, amma da sarkin ya aike shi jakadanci ƙasar Sin, 'yan fashi suka kama shi, suka tuɓe shi, ya yi kwanaki yana gararamba a jeji da yunwa, har wani mutum da bai taɓa gani ba ya same shi a bakin rijiya, ya ciyar da shi, ya kai shi inda zai tsira. A Kalikut guguwa ta farfasa jirgin da ke ɗauke da kyautar sarki, wanda ke ɗauke da kayansa kuma ya yi gaba ba shi, ya rage a bakin teku da dinari 10 da dardumar shimfiɗa. An ƙiyasta tafiyarsa da kilomita kusan 120,000 cikin shekara kusan 30, kuma wanda ya bi labarin zai ga kusan kowane zango akwai zawiya ko makaranta ko wani mai gida da ya sauke shi.

Abin lura a nan shi ne, mai tafiya shi kaɗai ya fi kowa dogara ga mutane. Wanda ya tafi da ayari yana da 'yan'uwan da za su ɗauki nauyinsa, shi ma ya ɗauki nasu. Wanda ya tafi shi ɗaya kuwa ya ɗora nauyinsa ne a kan waɗanda bai sani ba: direban da ya tsaya masa, da tsohuwar da ta nuna masa hanya, da mai shagon da ya kira masa likita. Baƙo ko da ido makaho ne, wani ne ke yi masa jagora. Saboda haka 'yancin da yake alfahari da shi, alherin waɗansu ne ya saya masa, kuma galibi waɗannan mutane sun fi shi talauci.

Shari'a ta san da wannan rauni na matafiyi, shi ya sa ta yi masa tanadi. Ta rage masa salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, ta yarje masa ajiye azumi ya rama daga baya, ta ba baƙo haƙƙin liyafa ta kwana 3, sa'an nan ta sa ɗan hanya cikin kashi 8 na masu cin zakka. Amma malaman Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa: ya kasance guzirinsa ya yanke da gaske, tafiyar ba ta saɓo ba ce, kuma in mawadaci ne a garinsu, ya rasa mai ranta masa. Wannan ya nuna cewa an buɗe ƙofar ne don wanda hanya ta kayar, ba don wanda ya ƙulla tun daga gida cewa aljihun mutane ne guzirinsa ba. A wajen shekarar 2017 jaridu suka yi ta buga hotunan waɗansu samarin Turai zaune a titunan biranen Kudu maso Gabashin Asiya suna bara don su ci gaba da yawon buɗe ido, jama'ar wuraren kuwa suka fusata. Fushinsu yana bisa hanya, gama wanda ya yi haka ya ci rabon mabuƙacin gari don nishaɗinsa.

Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi game da tafiyar dare ga mutum ɗaya, ya kuma yi umurni in mutum uku suka fita su shugabantar da ɗayansu. Malamai suka bayyana dalili da cewa wanda ya kaɗaita, in ya yi ciwo babu mai jiyyarsa, in ya mutu babu mai yi masa sutura ko isar da wasiyyarsa. Duk da haka ba su mai da abin haramun a kowane hali ba, domin a yaƙin Handaƙ an aiki Huzaifa ɗan Yamani shi kaɗai da dare ya leƙo sansanin abokan gaba. Ma'aunin shi ne buƙata da amincin hanya.

Akwai wani haɗari kuma da ya fi na ɓarayi, shi ne na zuciya. Larabawa sun ce an kira tafiya safar ne don tana yaye lulluɓin halin mutum, an kuma rawaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yabon mai shaida ko ya taɓa tafiya da shi. A gida kunyar idon sani tana tsare mutum daga abubuwa da yawa. A garin da babu wanda ya san sunan ubansa, kuma gobe zai bar shi, babu abin da ya rage sai tsoron Allah. Wanda ya biya mai masauki haƙƙinsa cif, ya kiyaye mutuncin 'ya'yan mutane, ya girmama al'adar masu gari alhali babu mai kai labarinsa gida, shi ne ya ci jarrabawar tafiya.

Sa'an nan akwai bashin waɗanda aka bari a baya. Ibn Baɗuɗa bai koma Maroko ba sai 1349. Yana Dimashƙa a kan hanyar komawa ya sami labarin mahaifinsa ya rasu shekara 15 da suka wuce, mahaifiyarsa kuma annoba ta ɗauke ta kafin ya iso. Ya ga duniya, ya bar wa bayansa littafin da har yau masana ke amfani da shi, amma bai sake ganin fuskar iyayensa ba tun ran da ya yi sallama da su yana saurayi. Ga mai hankali wannan abin aunawa ne kafin a ɗaura jaka, musamman wanda iyayensa suka manyanta.

Saboda haka ba a hana saurayi ganin duniya ba, kuma ba a ce kaɗaici ba shi da amfani ba. Abin da ake nema gare shi ya fita da yardar iyaye da guzirin da zai ishe shi, ya sanar da wani inda ya nufa, ya riƙe a ransa cewa duk ƙofar da aka buɗe masa bashi ce. Ba zai iya komawa ya biya tsohuwar da ta ba shi ruwa a wani ƙauyen da ya manta sunansa ba. Inda zai biya shi ne ƙofar gidansa, ran da wani baƙo ya tsaya a nan da ƙura a ƙafa yana neman hanya.

Allah Ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, Ya mayar da shi ga iyalinsa da alheri. Amin.