Tagar da ba ta nuna fuska

A zauren shari'a na Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu, a birnin Johannesburg, akwai wata taga doguwa siririya da aka shimfiɗa a kwance jikin bango. Ƙasar da ke waje ta wannan gefen ta fi daɓen zauren tudu, don haka na ciki in ya ɗaga ido ba ya ganin gajimare. Ƙafafun masu wucewa kaɗai yake gani, suna kai da komo. Alƙalai 11 ne ke zama a nan, kuma wannan ne rabonsu na kallon duniya yayin da lauyoyi ke zuba hujja.

Ginin duka cike yake da ishara. Tambarin kotun bishiya ce da mutane a inuwarta, don tunawa da yadda dattawan Afirka ke sasanta rigima a gindin itace, har ginshiƙan zauren shiga ma an karkata su kamar itatuwa. An sassaƙa haƙƙoƙi 27 na kundin tsarin mulki a manyan ƙyamaren katako. Gaban mazaunin alƙalai an lulluɓe shi da fatun shanun Nguni, kowace da irin zanenta. Sai dai tagar ta fi su daɗewa a zuciyar baƙo.

Allah ya ajiye ƙafa can ƙasa, ya ɗora mata nauyin jiki gaba ɗaya, amma bai ba ta bakin faɗin ko ta wane ne ba. Fuska kuwa tana da launi da tsagar gado, ta iya murmushin neman alfarma, ta iya ɗaurewa don nuna isa. Kai yana ɗaukar rawani. Gaskiya ne takalmi kan tona wadata ko rashi, amma ba ya faɗin suna, ko dangi, ko wanda ya tsaya wa mutum. Abin da ƙafa ke iya shaidawa kaɗan ne: ga wani ɗan Adam, ya gaji ko yana sauri, kuma akwai inda za shi.

Mutane kuwa daga sama suke fara karanta junansu. Kafin mai ƙara ya gama sallama an auna rigarsa, an tambayi ɗan gidan wane ne. Kuma ba masu zaman kotu kaɗai ke yanke hukunci ba. Mai unguwa da ke raba iyakar gona alƙali ne, haka malamin da ke duba takardun jarrabawa, haka matar da ke raba tuwo tsakanin 'ya'yanta da na kishiya. Da za a rufe musu fuskokin, a bar musu ƙafafu, rabo nawa ne zai canza?

Tudun da kotun ke kai ya san amsar. Kurkuku ne a da, wanda aka gina zamanin Paul Kruger a shekarun 1890. Launin fata ke zaɓa wa fursuna ɗaki: Turawa a tsohuwar ganuwa, baƙaƙen maza a sashen da ake kira Lamba Huɗu. An tsare Gandhi a nan a 1908, an tsare Mandela a 1956 da 1962. An rufe gidan a 1983. Da aka zo gina kotun, wadda aka buɗe a 2004, sai aka rushe sashen masu jiran shari'a, aka jera tubalansa a bangon zauren, ba a ko yaɓe su ba.

Kayan fasahar da ke rataye a farfajiyoyi sun faro ne daga rand 10,000 da aka damƙa wa alƙalai biyu, Albie Sachs da Yvonne Mokgoro, don ƙawata wuri. Cikinsu akwai shuɗiyar riga da Judith Mason ta ɗinka da ledoji, don tunawa da Phila Ndwandwe, wadda 'yan sandan mulkin wariya suka kashe a 1988. Da aka tono gawarta, an tarar da ledar da ta suturta kanta da ita. Rigar a rataye take babu kowa ciki, ita ma ba ta da fuska.

Duk da haka ganin ƙafa ba ya sauke mata kaya. A shekarar 2000, kafin a tare a wannan gini, kotun ta saurari ƙarar Irene Grootboom da ɗaruruwan maƙwabtanta marasa muhalli daga Wallacedene, kusa da Cape Town. Ba su da kowa, kuma kotu ta ce tsarin gidaje na gwamnati ya gaza, tunda ya manta da waɗanda ke cikin matsananciyar buƙata. Lauyoyi a ƙasashe da yawa na kafa hujja da wannan hukunci har yau. Ita Grootboom ta rasu a 2008, tana zaune a bukka.