Ladan Ɗan Ƙwadago Idan Ubangidansa Ya Karye

Idan ɗan kasuwa ya karye, bashin da ke kansa ya fi abin da ya mallaka, malaman fikihu suna kiran halinsa taflisi, wato alƙali ya ɗaure masa hannu daga dukiyarsa ya raba ta tsakanin masu binsa gwargwadon bashin kowa. Tambayar da ke da wuya ita ce ko wanda ya sayar da ƙarfinsa daidai yake da wanda ya ranta kuɗinsa.

Dokar teku ta amsa da a'a. Yarjejeniyar Janiba ta 1993 ta sanya albashin ma'aikatan jirgin ruwa a kan jirgin kansa, ta yadda haƙƙin yake bin jirgin ko an sayar da shi, yana kuma gaba da na bankin da ke riƙe da shi jingina, muddin an nema cikin shekara guda. Gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wanda ya fara aiki a 2017, ya ƙara wajabta inshorar da za ta biya albashin wata huɗu ga ma'aikatan da aka yasar.

Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, a jihar Maraɗi ta Nijar, ba su da teku, amma suna da 'yan ƙwadagon da ke haƙar aya, da masu ban ruwa a fadamun Gulbin Maraɗi, da makiyayan da ke kiwon dabbobin wasu, kuma mazhabar Malikiyya da ake bi a can ta daɗe da tsara matsayinsu. A Muhtasar na Halil, littafin fikihun wannan mazhaba, mai sana'a kamar tela ya fi kowa cancantar abin da ke hannunsa, mai dabbar haya ya fi cancantar kayan da ta ɗauko, wanda ya shayar da shuka kuma yana gaba da mai jingina, ko da yake bayan mai ƙasa. Makiyayin haya kuwa sai ya shiga layi tare da sauran masu bashi, domin aikinsa bai zama wani abu a hannunsa da za a nuna ba.

A nan hukunce-hukuncen biyu suka rabu, don ma'aikacin jirgi ya fi kama da makiyayi: bai ƙera jirgin ba, tsare shi ya yi daga halaka. Dokar teku ta ɗauki tsarewa a matsayin aikin da ke ɗaure haƙƙi ga dukiya, kuma hujjarta tana da ƙarfi, tunda garken da masu bashi za su raba da bai kai ranar rabo ba in da babu mai kiwonsa. Mai ranta kuɗi ya auna haɗari kafin ya bayar, yana iya neman jingina ko lamuni. Makiyayi bai da wannan zaɓi. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta fifita albashin ma'aikata idan kamfani ya rushe, sai dai mai takardar aiki ne ya fi samun sauƙin tabbatar da haƙƙinsa, alhali yawancin ƙwadagon karkarar Maraɗi da baki ake ƙulla shi.