Haƙƙin Baƙon da Ba Ya Kawo Tsaraba

A birnin Derby na ƙasar Ingila, tun shekarar 2006 aka kafa wa wani irin shaho wurin sheƙa a jikin hasumiyar babbar majami'ar garin. Masu sa ido kan rubuta ranar saka ƙwai, da ranar ƙyanƙyasa, da ranar da 'ya'yan suka fara tashi. Dalili kuwa, a shekarun 1950 da 1960 maganin ƙwari na DDT ya rage yawan tsuntsun ƙwarai, domin yakan hana ɓawon ƙwai kauri, sai ya fashe a ƙarƙashin uwa.

Abin lura shi ne, wannan baƙo maharbi ne. Yakan faɗo wa tantabara daga sama da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, ya fige ta a kan ginin da ake wa'azin tausayi a cikinsa. Duk da haka aka ba shi masauki. Shi kuwa dutse mai tsawo kawai ya gani, irin duwatsun da suka kewaye mu a nan Bauchi. Bai san bambancin hasumiyar coci da ta masallaci ba.

To, mu wane tsuntsu muke karramawa? Shamuwa, babu shakka. Ba ma jifarta, muna murna idan ta yi sheƙa a bishiyar ƙofar gida, saboda albishir ɗin damina take kawowa. Shirwa kuwa sai ihu da jifa, don ta ɗauki ɗan tsako. Ashe baƙuncinmu ciniki ne, ko da yake bakinmu bai daina cewa baƙonka annabinka ba.

Ko cinikin ma ba mu cika shi ba. Ungulu ta shekara aru-aru tana kwashe mana mushe da ƙazantar kwata ba lada, muka saka mata da zambo, wasu kuma suka riƙa sayar da kanta ga bokaye. A 2015 hukumar IUCN ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Yau mutum zai ratsa daga Wunti zuwa kasuwar Muda Lawal da wuya ya hango ko guda. Mu tambayi dattawan mahauta shekarar da suka daina ganinta a kan rufin kwata: kowa zai ce an daɗe.