Hukuncin Al'ada da Neman Sababi a Ɗakin Na'urorin Sadarwa

Tambayar ko abin da ya zo bayan wani abu lalle sakamakonsa ne ta daɗe a littattafan tauhidi da falsafa, amma ba kasafai take fitowa fili ba kamar yadda take fitowa a ɗakin na'urorin sadarwa na banki ko jami'a. A irin wannan ɗaki akwai na'urar da injiniyoyi ke kira suwic, wato akwati mai kafofi da yawa wanda ake soke wayoyin kwamfutoci a jikinsa domin ya miƙa kowane saƙo ga mai shi. Wani nau'insa yana karɓar saiti, ma'ana ana iya shigarsa daga nesa a tsara masa aiki, a raba kwamfutoci rukuni-rukuni ta tsarin da ake kira VLAN. Abin da ke tafiyar da shi wata manhaja ce da kamfani ya dasa a cikinsa, wadda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci don toshe kafar ɓarayin intanet ko gyara kuskure. Sau da yawa ana gama sabuntawar sai sadarwa ta yanke, kuma hukuncin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne sabuwar manhajar ce ta jawo.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna wannan tambaya a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya kawo misalin wuta da auduga. Abin da ido ya gani, a bayaninsa, shi ne ƙonewar ta auku a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ido bai ga cewa wutar ce da kanta ta aikata ƙonewar ba, don haka haɗuwar abu biyu a lokaci guda ba ta isa hujjar cewa ɗaya ne ya wajabta ɗayan ba. Wannan fahimta ta iso zaurukan karatu na ƙasar Hausa ta hannun Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mawallafin Ummul Barahin. A littafinsa Muƙaddimat ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda an ga suna maimaituwa tare, alhali saɓawarsu mai yiwuwa ce, kuma babu ɗayansu da ke yin tasiri da ikon kansa.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan karantarwa tana kashe himmar bincike, alhali a hannun mai gyaran sadarwa ita ce farkon bincike nagari. Suwic yana riƙe da saiti iri biyu, akwai wanda yake aiki da shi a yanzu, wanda ke cikin ma'ajiyar da ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke, akwai kuma wanda aka adana domin ya karanta idan ya tashi. Idan wani ma'aikaci ya canza adireshin na'urar ko rukunin da ake shigarta ta cikinsa watanni da suka wuce, bai kuwa adana canjin ba, komai zai ci gaba da tafiya daidai har ranar da aka kashe ta aka kunna. Galibi sabunta manhaja ba ya kammaluwa sai da wannan kashewa da kunnawa, saboda haka na'urar sai ta tashi da tsohon saiti, a neme ta a rasa. A nan sabuwar manhajar ba ta da laifin komai, domin abin da ya haddasa yankewar ya riga ta da watanni, ita dai ta zo ne a daidai lokacin da ɓoyayyen sakaci ya bayyana. Wanda ya gaggauta komawa tsohuwar manhaja zai tarar matsalar tana nan, kuma ya sake buɗe kafar da aka so toshewa.

Akwai makamantan wannan da dama. A tsohon tsarin hana saƙo yin kewaye, wanda Radia Perlman ta ƙirƙira a 1985, kafa takan jira daƙiƙa 30, wani lokaci har 50, kafin ta fara miƙa saƙo, kuma wanda bai san haka ba yakan ɗauka na'ura ta mutu. Mafi muni shi ne mai gajen haƙurin da ya zare wuta alhali ana kan rubuta manhajar, domin yana iya lalata na'urar da ba abin da ya same ta. Haka kuma umarnin ping yana iya nuna cewa suwic da kwamfuta suna jin juna, amma aika fayil ta hanyar TFTP ya ƙi, saboda garkuwar tsaron kwamfutar ta tare saƙon da ke zuwa kafa ta 69. Wani lokaci kuwa zargin farko gaskiya ne, domin sabuwar manhaja takan rufe tsofaffin hanyoyin shiga marasa tsaro irin su Telnet, ta bar injiniya a waje alhali sauran ma'aikata suna aikinsu lafiya.

Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar wa Gazali martani a Tahafutut Tahafut da cewa wanda ya musanta sabubba ya musanta ilmi, tunda sanin abu shi ne sanin sababinsa. Tsoronsa yana da tushe, domin da babu wani tsari tabbatacce a halitta da babu injiniyan da zai iya gano komai. Sai dai Gazali bai ce duniya ba ta da tsari ba, abin da ya ce shi ne tsarin al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma maimaituwarta tana dasa wa mutum sanin da zai dogara da shi. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bi wata hanya dabam, inda ya tabbatar da cewa Allah ya sanya ƙarfi da ɗabi'a a cikin abubuwa, suna aiki da izininsa. Saɓanin nasu na gaske ne kuma mai zurfi, amma ya shafi haƙiƙanin alaƙar ne, bai shafi wajabcin bin ta ba. Mai gyara yana buƙatar gargaɗin Gazali don kada ya zargi abin da ya fi kusa da idonsa, yana kuma buƙatar yaƙinin Ibn Rushd cewa akwai abin da za a gano. Shi ya sa ƙwararre ke canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, yana farawa daga waya da fitilar kafa, sannan adireshi, sannan rukuni, domin wanda ya canza abu uku a tare, ko da sadarwa ta dawo, bai san abin da ya dawo da ita ba.

Abin da ya kamata a ƙi shi ne fakewa da ƙaddara tun kafin bincike. Faɗin cewa haka Allah ya so gaskiya ne a kan duk abin da ya auku, amma idan aka faɗe shi don kada a tambayi wanda bai adana saiti ba, an yi amfani da gaskiya wajen rufe sakaci. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah ya nuna cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙo da sababi. A wannan aiki riƙo da sababi sananne ne: a kwafi saiti a ajiye a wani wuri, a gwada lambar tantance fayil don tabbatar da bai gurɓata a hanya ba, a bar tsohuwar manhaja a ma'ajiya ta biyu idan na'urar tana da ita, a tabbatar da wutar da ba za ta ɗauke ba, sannan a tanadi wayar kwansol, wadda ke shiga na'urar kai tsaye ba ta hanyar sadarwar da ake taɓawa ba. Muhimmancin wannan na ƙarshe ya bayyana ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da wani umarni da aka bayar yayin aikin gyara ya yanke cibiyoyin Facebook daga intanet na kusan awa shida, kayan binciken injiniyoyin kansu suka tafi tare da sadarwar, har sai da aka tura mutane wurin na'urorin. Injiniyan da ya yi wannan tanadi sannan abu ya lalace yana da damar cewa an ƙaddara, wanda kuwa bai yi ba, sakacinsa ne, kuma wajibi ne ya amsa shi a gaban waɗanda suka ba shi amanar aikin.