Fasali a kan juyawar kasuwa, ko tana da lokaci sananne

Godiya ta tabbata ga Allah mai shimfiɗa arziki, mai ƙuntata shi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ka tambaye ni game da masu zana layuka suna cewa kasuwar hannun jari tana hawa da sauka bisa ƙidaya, wanda ya riƙe ƙidayar ba ya asara.

Ka sani juyi iri biyu ne. Gero yana araha da kaka, yana tsada idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa. Wannan al'ada ce da Allah ya gudanar, sababinta a bayyane yake, girgije kuwa ba ya jin zancen fatake.

Amma kasuwar hannun jari, da zukatan mutane aka gina ta, da kwaɗayi da tsoro da bashi. Ta faɗi a Amurka a 1929, har kuɗin gyaɗa ya karye a Kano. Ta faɗi a 2008, ta ja ta Legas, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari suka wayi gari da bashi, ba jari. A shekarar nan gangar mai ta kai dala 147 a Yuli, kafin ƙarshen Disamba ta koma ƙasa da 40. Komowar faɗuwa gaskiya ce, ban musa ba. Abin da na musa shi ne sanin ranarta. Wani likita Bafaranshe, Juglar, ya ƙidaya juyin a 1862, zangon da ake jingina masa shekara 7 zuwa 11 ne. Tsakaninsu shekara huɗu, mai binka bashi kuwa ba ya jiran shekara huɗu.

Kuma ka lura: da an san ranar, da kowa ya sayar tun jajiberinta, sai faɗuwar ta rigayi ranar, ƙidayar ta ƙaryata kanta.

Kada su kafa maka hujja da shekaru bakwai na Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi. Fassarar mafarki ce da Allah ya sanar da shi, kuma abin da ya umurta shi ne a ajiye hatsi cikin zangarniyarsa. Mai sayar maka da ranar faɗuwa, a wurina, ɗan'uwan mai bugun ƙasa ne, sai dai fai-fansa kwamfuta ce. Tambaye shi, in ya sani, me ya sa yake bukatar ɗan kuɗinka?

Tamat, wassalam.