Dashen Zogale Sadaka Ne

 Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. To Uwargida, me zai hana ki dasa reshen zogale a tsakar gida? Ruwan alwala ya ishe shi. Ko akuya ta ci lada ne, amma dai ki kewaye shi da ƙaya.

Ki yi kwaɗo da ganyen, ko ki shanya a inuwa, ki daka, ki riƙa zubawa a miyar yara da maijego, yana taimakawa wajen ƙarin jini. Mai juna biyu kuwa, don Allah ki guji saiwarsa da sassaƙensa, kar kuma ki fasa zuwa awo.